Litinin: ranar da na ji muryar Baba a cikin kaset

Tun jiya raina a ɓace yake. Babban abin sauraron nan mai rufe kunnuwa da Yaya ya aiko mini daga Yamai, wanda na yi wata biyu ina ɗokinsa, ina soka shi a salula sai sauti ya fito kamar daga ƙasan rijiya. Na ƙure ƙara har ƙarshe. Kalangu ba nauyi, goge siriri kamar kukan sauro. Ɗan ƙaramin na jaka ɗaya da nake sawa kullum ya fi shi amo. Na kasa gaya wa Yaya, don na san kuɗin da ya kashe.

Da hantsi na hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa, wajen dattijon nan mai gyara da Baba ke kai wa rediyonsa tun muna yara. Ya juya abin a hannu, ya matso da shi kusa da ido, ya nuna mini wani ɗan rubutu a gefe: 250 ohm.

"Ɗana, wannan lafiyarsa lau," in ji shi. "Doki aka ba ka, kake zuba masa harawar akuya."

Na zauna kan benci ya warware mini. Waƙa a cikin salula lambobi ce kawai. Akwai wani ɗan ƙwaya da ake kira DAC, shi ke mayar da lambobin su zama sauti, sannan wani na biyu ya tura sautin da ƙarfin wuta zuwa kunne. Ƙananan da muke saye a bakin titi yawanci 16 ko 32 ohm ne, ɗan turi kaɗan ya ishe su. Nawa kuwa don ɗakin ɗaukar sauti aka yi shi, salulata ba ta da ƙarfin motsa shi. Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata tsohuwar LG V20 mai fasasshen gilashi, yana shafa ta. Ya ce ta 2016 ce, an yi ta musamman don masu son sauti, kuma kamfanin ya bar ƙera salula a 2021. A shekarar 2016 ɗin ce Apple ya cire ramin nan na milimita 3.5 da ake soka abin sauraro daga iPhone 7, wasu suka bi sahu. Ni dai ba zan sayi salula marar wannan rami ba. A nan garin, wayar abin sauraro ita ce eriyar FM, da ita mai shayi da mai gadi ke kama labaran yamma.

Maganin, in ji shi, ɗan guntun haɗi ne da ake sokawa a ramin caji na USB-C. Amma iri biyu ne. Wani waya ce zalla, ba komai a cikinsa. Wani kuma yana da nasa DAC da nasa ƙarfin turi. A rumfar farko na gwada ɗaya, shiru kake ji. A ta uku na samu na gaske, jaka huɗu bayan ciniki, shi ma sai da yaron shagon ya kunna mini OTG a cikin saiti, wato abin da ke barin salula ta gane na'urar da aka soka mata, kafin ya yi magana. Ya ce zai riƙa shan batir kaɗan. Na yarda.

Da na dawo gida wani abu ya ba ni haushi. Waƙoƙin da aka tura mini a kati duk an matse su, 128 kbps ko ƙasa da haka, minti ɗaya kamar mega ɗaya, alhali sautin faifan CD na cin kusan mega 10 a minti. Da ƙaramin abin sauraro ban taɓa lura ba. Yau kuwa sautin kacau-kacau ya koma kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙi. Na goge kusan rabinsu.

Bayan isha'i wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe abin da na yi wannan wahalar dominsa: kaset ɗin da Baba ya ɗauka da rediyonsa a wani biki a Tibiri, wanda muka juya a kwamfuta ba tare da matsewa ba, shekarar da ya rasu. Shuuu ɗin kaset na nan, ba inda ya je. Amma na ji izga tana jan tsirkiyar goge, na ji masu kiɗan ƙwarya su biyu ne, a da ina zaton ɗaya ne. Can wajen minti na shida, a ƙarƙashin guɗar mata, wata murya ta ce, "Matso da shi kusa, yaro." Na saurari wannan kaset ya fi sau ɗari. Ban taɓa jin ta ba.

Na tashi na shiga ɗakin Inna, tana jan carbi. Na ce, "Inna, ki ɗan sa wannan." Ta zame kallabinta baya, na ɗora mata shi a kai, na mayar da waƙar minti na biyar da rabi. Ina kallon fuskarta da hasken salula. Da wurin ya zo, carbin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Sake maido shi baya."