Abin da wayar nitinol da garin nano ke koya wa mai tsara kaya

Babban darasin aiki da kayan da ke amsa zafi, haske ko lantarki shi ne, adadin da ke cikin takardar mai sayarwa sakamakon gwaji ne a ɗakin bincike. Abin da za a kai kasuwa kuwa zai maimaita aikin sau dubbai, cikin ƙura da gumi da zafin rana. Mai tsara kaya ya fara da tambayar inda abin ke gazawa, sannan ya gina sauran sassan a kan amsar.

Nitinol ya fi kowa nuna haka. Gami ne na nikel da titaniyam kusan rabi da rabi, wanda aka gano halinsa a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka a farkon shekarun 1960. A lanƙwasa shi da sanyi, a ɗumama, ya koma siffarsa. Don a koya masa siffa, ana ɗaure wayar tam a jikin ƙarfen da aka sassaƙa, a sa a tanderu mai zafin kusan digiri 500 na ma'aunin Celsius na 'yan mintoci, a tsoma a ruwa. In ɗaurin ya yi sako-sako, za ta miƙe tun cikin wuta, aikin ya tashi a banza.

Zafin da take juyawa a kansa ya rataya ne ga yawan nikel: bambancin kashi 0.1 cikin 100 na iya gusar da shi da kusan digiri 10. Saboda haka duk sabon ƙunshin waya sai an gwada shi, ko da a ruwan da ake ɗumamawa a hankali da ma'aunin zafi a ciki. Sannan akwai batun miƙewa. Tana iya jure kusan kashi 8 cikin 100 sau ɗaya, amma in za ta riƙa ja tana saki, a tsaya a kashi 3 zuwa 4. Ma'ana, waya mai tsawon milimita 100 motsin milimita 3 ko 4 za ta bayar. Wanda ke son fiye da haka ya naɗe ta kamar sifirin ko ya ƙara mata hannun ja, kada ya tilasta ta.

In wayar ta ɗumu takan gajarce ta ja abin da aka ɗaura mata. Ja kawai ta iya, dole a sa sifirin da zai mayar da ita. Kuma dawowar ce ke cin lokaci, domin lantarki na ɗumama ta nan take, hucewa kuwa sai yadda iska ta yi. Waya mai kaurin milimita 0.1 na hucewa cikin kusan daƙiƙa ɗaya, mai milimita 0.5 ta haura daƙiƙa goma. Sirara uku ko huɗu a jere sun fi kakkaura ɗaya. Wani abin da ake yawan mantawa: zafin da take sakin jiki a kansa yana ƙasa da wanda take ja da digiri 20 zuwa 30, don haka a cikin rufaffen akwati mai ɗumi tana iya ja ta ƙi saki. Dalma ba ta kama ta saboda fatar da ke samanta, matse bakinta ake yi da ƙaramin bututun ƙarfe. In kuma wutar ta yi yawa alhali tana ɗauke da nauyi, sai ta miƙe har abada.

Fentin da ke canza launi da zafi lamarinsa gajere ne. Rinin yana cikin ƙananan ƙwanso, hasken rana na kashe shi, wasu sinadaran tsinka fenti na fasa ƙwanson. Kayan cikin ɗaki ya dace da su.

A ɓangaren nano, wato ƙwayoyin da girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100 (milimita ɗaya nanomita miliyan ɗaya ce), matsalar kusan guda ce: dunƙulewa. Bututun kabon, wato siraran bututu masu girman nano da ake cuɗawa cikin roba, waɗanda Sumio Iijima ya bayyana a 1991, suna manne wa juna, kuma dunƙulen da bai watse ba shi ne wurin da roba ke fara tsagewa. Ƙara yawa ba ya gyara wannan, sai ma ya sa narkakkiyar robar ta yi kauri ta ƙi cika mazubi. A ganina, ƙaramin kamfani ya fi samun sauƙi in ya sayi ƙwayoyin roba da aka riga aka cuɗa da bututun, ya tsinka su zuwa adadin da yake so. Cuɗawar ma tana da iyaka, in ta wuce kima bututun na kakkaryewa, lantarki ya daina ratsawa.

In ana son robar ta riƙa zubar da cajin da ke taruwa a jiki, a auna a kan abin da aka ƙera, kusa da ƙofar da robar ke shiga mazubi da kuma nesa da ita. Tura roba da sauri na jera bututun gefe ɗaya, fatar waje ta zama ba ta ɗaukar lantarki. Rage saurin turawa da ɗan ƙara zafin narkewa kan gyara hakan.

Shafen nano na bisa ma da sharaɗinsa. Gilashi mai wanke kansa da kamfanin Pilkington ya fitar a 2001 yana buƙatar rana da ruwan sama, wanda aka kafa ƙarƙashin rumfa ba zai yi aiki sosai ba. Shafe mai korar ruwa kuwa a gwada shi bayan an goge shi da wanki da gurza, domin ƙananan tsinin da ke saman shafen, masu hana ɗigon ruwa mannewa, su ke fara lalacewa.

Lafiyar ma'aikata ba abin wasa ba ce a nan. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wani nau'in bututun kabon cikin abubuwan da ka iya jawo cutar. Kada a auna busasshen garin a buɗaɗɗen wuri, a yi aiki da shi a jiƙe ko cikin akwati mai zuƙar iska, kuma yanka ko gurzar abin da aka gama ƙerawa a yi shi da ruwa, da matatar numfashi a fuska.