Yadda laima ta cinye min laima a Gifu

Sunan unguwar ne ya fara kai ni. Ina karatu a Nagoya aka ce min a birnin Gifu, tafiyar minti 20 a jirgin ƙasa, akwai unguwa kudu da tasha mai suna Kano. Na je ne kawai in ɗau hoto in tura gida a sha dariya, ashe ita ce cibiyar laimar gargajiyar Japan, wagasa. Wajajen 1950 sama da miliyan 10 ake yi a yankin duk shekara. Yau masu sana'ar ba su taka kara sun karya ba.

Ban yi niyyar saye ba, sai da wata dattijuwa ta buɗe min wata ja mai farin zobe a kewaye, irin wadda suke kira janome, wato idon maciji. Ba takarda zalla ba ce. An shimfiɗa siliki mai laushi, saƙar habutae, a kan takardar gargajiya ta yankin Mino, aka shafe da mai. Ta ciki kuma an sarƙa zare kala-kala tsakanin tsinkayen gora, kamar aikin wuyan babbar riga. Na biya kuɗin cefanen kusan wata guda.

Ta yi min bayani, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kama laimar ta kai, mariƙi na kallon ƙasa, ta nuna min madaukin da ake rataye ta, ta maimaita. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai. A raina cewa nake, laima ce za a koya min riƙewa?

Damunarsu ta watan Yuni ta kama, na shiga ruwa da ita sau ɗaya tak. Ƙarar ruwa a kan takarda mai mai daban ce, ɗas-ɗas-ɗas kamar ana taɓa ƙaramar ganga. Na dawo gida a gajiye, na rufe ta a jiƙe, na cusa ta cikin bokitin bakin ƙofa, kai a ƙasa, yadda muke yi wa laimar roba. Washegari na yi tafiyar kwana goma.

Abin da ban lura ba, wagasa ciki take naɗewa, jiƙaƙƙen gefen ya shige tsakanin tsinkaye. Duk ruwan nan ya gangara ya taru a kai, cikin ɗaki rufaffe, a lokacin da ko tawul ba ya bushewa. Da na dawo ta ƙi buɗuwa. Nan na tafka wautar da ta fi ta farko. Maimakon in girgiza ta a hankali ta saki da kanta, na sa ƙarfi. Ƙyaaat! Wuri uku suka yage, ga fumfuna ta yi baƙi a kan jan silikin.

Da na mayar, dattijuwar ta daɗe tana jujjuya ta ba ta ce uffan ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Can ta nuna min ɗan katakon da ke kai, rokuro, wanda ake sassaƙawa daga itacen egonoki, a tsattsaga shi kamar haƙoran matsefi, kowane tsinke da gurbinsa. Ya sha ruwa ya kumbura. Tsinkaye sama da 40 ɗin nan kuma daga gora ɗaya aka tsaga su, aka jera yadda suke tun asali, don in an rufe su koma kamar gorar. Ba a cire ɗaya a soka wani haka kawai. Gam ɗin ma na sitacin rogo ne, to ina zai jure kwana goma cikin danshi?

Da takarda zalla ce da facin ya saje. Silikin da na yi ta taƙama da shi, shi ya hana, don sabon rini ba ya zama ɗaya da wanda ya riga ya sha mai. Gyara ya ci wata biyu, saboda sai an jira rana ta busar da man da aka shafa, ya kuma ci rabin kuɗin sayen.

In ka sayi taka, ka shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ɗan buɗe, ba cikin rana ba. Ko ba ka fita da ita, ka riƙa buɗe ta lokaci-lokaci kada man ya manne. Kuma kai sama, don Allah, kai sama.

Tawa tana rataye a bayan ƙofa. Duk sanda na buɗe ta hasken ya ratso, facin nan uku ne suke fara min sallama.