Daga Kano zuwa Dutsen Afi saboda jemage

Ranar da na gaya wa Inna zan tafi Kuros Riba, ta tambaye ni ko wurin aiki ne suka tura ni. Na ce a'a, jemage zan je gani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Na kan mangwaron ƙofar gida sun ƙare ne?" Na rasa ta cewa, don ni kaina ina yaro babu abin da ke haɗa ni da jemage sai danƙo da tsakuwa.

Labarin wata 'yar Najeriya ne ya tayar da ni, Dakta Iroro Tanshi. Ta yi digirin farko a Jami'ar Benin, ta ƙaro a Leeds ta Ingila, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Texas Tech ta Amurka, kuma ta zaɓi halittar da yawancinmu ke tofar da yawu idan mun gani ta mai da ita sana'a. A 2016, tana aikin dare a dajin Dutsen Afi, wani ɗan ƙaramin jemage mai guntun wutsiya da hanci kamar ganye ya faɗa tarkonta. Masana na kiransa Hipposideros curtus. An yi kimanin shekara 45 ba a gan shi a daji ba, kuma a da Kamaru da Ikwatoriyal Gini kawai aka san shi, ba a taɓa rubuta shi cikin dabbobin Najeriya ba. Na ce sai na taka ƙasar da aka yi wannan abu.

A watan Janairu na tashi, hunturu na busawa. Daga Kano zuwa Makurɗi babu abin faɗa sai ciwon baya da shingayen bincike. Na kwana a can, da asuba muka nufi Gboko, muka ratsa Vandeikya, tulin lemo da doya a bakin titi har ido ya gaji. Daga Obudu muka kama hanyar Ikom muka shiga ƙasar Boki. Nan ƙasa ta sake kama: bishiyoyi suka yi tsawon da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, ga ayaba, ga gonakin koko a inuwa. Sauran hanyar zuwa Buanchor, garin da ke gindin Dutsen Afi, a acaɓa na yi ta, na sauka jar ƙura ta rine min gemu.

Wanda ya yi min jagora mutumin garin ne, manomin koko, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan saboda hulɗa da 'yan albasa a kasuwar Ikom. Malam yake kirana. Washegari muka kama hawa. An keɓe dajin Afi tun shekarar 2000, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 100, kuma a cikinsa goggon birin Kuros Riba yake, wanda ya rage 'yan ɗaruruwa a duniya. Yawancin baƙi shi suke zuwa nema. Da na ce ni jemage ya kawo ni, jagoran ya yi dariya har ya dafa bishiya.

Ba mu yi awa ɗaya ba na fara neman wurin zama. Dutsen a tsaye yake, saiwoyi sun sarƙe hanya, gumi kuma ba ya bushewa duk da hunturu. A nan na fara auna aikin wannan baiwar Allah. Ni da gorar ruwa kaɗai nake haki. Su da kayan aiki suke hawa, kuma aikin nasu ba ya farawa sai rana ta faɗi. Suna kafa raga mai laushi a mashigar daji, amma ƙananan jemagu masu cin ƙwari sun fi ƙarfin raga. Irin waɗannan suna fitar da ƙara siririya da kunnen mutum ba ya kamawa, ta bugi abin da ke gabansu ta dawo, da amsa-kuwwar suke gane hanya cikin duhu. Shi ya sa ake kafa musu wani tarko dabam, siraran zaruruwa a jere a tsaye kamar tsirkiya, da jaka a ƙasa. Jemage ya bugi zaren ya sulale cikin jakar ba tare da rauni ba. A ciro shi, a auna tsawon damtsen fiffikensa, a ɗora shi a sikeli cikin 'yar jakar yadi, a naɗi muryarsa da na'ura, a sake shi. Haka dare bayan dare, daga gindin dutse zuwa samansa, don a ga wane iri ne ke zaune a wane tsayi. Da wannan haƙuri ita da abokan aikinta suka ƙara iri goma a jerin jemagun Najeriya, ƙasar da ke da kusan iri ɗari. Ni da na ɗauka jemage jemage ne kawai.

Da muka zauna hutawa na hango hayaƙi daga wajen gonaki. Jagoran ya ce sassabe ake ƙonawa. Na san wannan warin, irin wanda ke tashi a ƙauyenmu gabanin damina. Sai dai a nan idan iska ta juya, wutar kan tsallake gona ta hau dutse. Ba a jima da gano ɗan jemagen ba gobara ta ci wani ɓangare na dajin. Daga nan aikin Dakta Iroro ya wuce ƙirga da awo. Ita da Dakta Benneth Obitte sun kafa ƙungiyar SMACON mai kare ƙananan dabbobi masu shayarwa, suka shiga garuruwan da ke kewaye da dutsen da batun hana gobarar daji: a lura da yanayi, a faɗa wa manoma ranakun da kunna wuta ke da haɗari, a horar da mutanen gari su tare ta tun tana ƙarama. Abin da ya fi burge ni, ba ta ɗauki manomi a matsayin abokin gaba ba. Wutar da ke cin dajin jemage ita ce ke cin koko, kuma wanda ya shekara biyar yana jiran bishiyarsa ta fara 'ya'ya ba ya buƙatar doguwar huɗuba. An ba ta lambar yabo ta Future for Nature a 2020, da ta Whitley a 2021, duka na masu kare namun daji ne. Jagorana dai maganar gonarsa yake yi, ba ta lamba ba.

Ya nuna min bakin wani kogo daga nesa, muka tsaya a nan. Shiga kogo na tarwatsa masu kwana a ciki, ga kuma mafarauta da ke bin manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace don nama. Saboda haka ɗan jemagen da na yi tafiyar kwana biyu dominsa ban sa shi a ido ba. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba.

Da magariba muna saukowa sai ga su sun fito, ƙanana suna yankar iska a saman kanmu, manya suna wucewa can sama a hankali. Na tsaya ina kallo, sai hankalina ya koma gida. Furen kuka fari ne, da dare yake buɗewa, kuma jemage ne ke shan zaƙinsa yana kai ƙurar wannan fure zuwa wancan. Tutun ɗorawa ma haka, wannan jan ƙwallon da ke reto a reshe, jemagu na cikin manyan masu yi masa barbara. Wato kalwar da ake dafawa a yi daddawa ta bi ta bakin abin da nake harbi da danƙo. Na tuna yawan waɗanda na kakkaɓo daga mangwaron nan, ban ji daɗin lissafin ba.

A wani tudu kusa da gari waya ta kama, na kira Inna. Ta ce, "To, ka ga jemagen naka?" Na ce na ga 'yan uwansa. Na fara yi mata bayanin kuka da ɗorawa, ta katse ni ta ce in bar ɓata kati, in kuma tabbata na taho mata da manja mai kyau.