Takardar wakilci: faɗinta ne ke cin mai ita

A Tahoua da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani nasu yana Abijan, ko Libiya, ko Kamaru ba. Mutum yana can, fili da gona da asusun banki suna nan, dole wani ya tsaya masa. Abin da zama da takardun wakilci ya koya mana shi ne, rigimar da ke biyo baya ba kasafai take fitowa daga mugun wakili ba. Takardar ce aka rubuta ta sakaka.

Sai ka ga layi ɗaya: "Na wakilta ƙanena ya kula da dukiyata duka." Mai rubutun yana nufin karɓar kuɗin haya da gyaran katanga, ƙanen kuma ya ɗauka har sayarwa. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta raba gardama a sashe na 1988: wakilcin da aka yi a dunƙule kulawa kawai ya ƙunsa. Sayarwa ko jingina sai an ambace su ƙarara. Saboda haka in fili za a sayar, a rubuta unguwa, lambar rukunin filayen da lambar filin kamar yadda suke a takardarsa, da mafi ƙarancin farashi, a lamba da kuma a haruffa. A faɗi inda kuɗin zai shiga. Wannan layin na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi kuma ke raba ƴan uwa.

Sunaye ma a kwafe su daga katin shaida harafi da harafi. Mahamadou a kati, Mamane a takarda, ma'aikacin banki zai maido ta, kuma yana da gaskiya. A haɗa da ranar haihuwa da lambar katin kowane ɓangare, sannan a sa wa'adi, wata 3 ko 6, gwargwadon aikin.

Inda za a tabbatar da sa hannu ya danganta da nauyin aikin. Ƙaramin abu kamar karɓo wata takarda, ma'aikatar magajin gari ta isa, a manna tambur. Gida ko fili mai takarda kuwa a je wurin noter, wato masanin doka da hukuma ta ba ikon tabbatar da takardu. Wanda ke waje ya nufi ofishin jakadancin Nijar da kansa, da fasfo ko katinsa. Hoton takarda ta WhatsApp labari ne kawai, asalin ake nema a ofis. Bankuna galibi suna da fom nasu, gara a tambaya tun kafin a kashe kuɗin aike. In gona ce ta gado, sa hannun magaji ɗaya bai ɗaure sauran ba, kowa sai ya wakilta, kuma cinikin ya bi ta kwamitin filaye, Kofo.

Wakili ba ya saye wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, kuma dole ya kawo lissafi. Mutanenmu suna jin nauyin tambayar yaya ko kawu rasit, kunyar nan kuwa tsada gare ta.

Sai batun warwarewa. Wanda ya ba da wakilci yana iya janyewa duk ranar da ya so, amma kiran waya ga wakili bai wadatar ba. Wanda ya yi ciniki da wakilin bai san an tsige shi ba, cinikinsa na nan daram. A karɓo asalin takardar, a rubuta wa banki da noter da ƴan haya, a riƙe kwafin da suka buga wa hatimi. Rasuwar wanda ya ba da wakilci ma tana kashe takardar. Daga ranar dukiya ta koma ta magada, wakilin da ya ji labari kuma ya je ya ciro kuɗi, ko na sadakar uku ne, sai ya yi wa magada bayani.