Karayar da muka raina

Inna tana da shekara 63 lokacin da santsi ya kwashe ta a ƙofar banɗaki. Ta kai hannu za ta dafa ƙasa, wuyan hannun ya karye. Aka sa mata filasta, bayan sati shida aka cire, muka yi mata barka, kowa ya kama gabansa. Har tsokanarta muke yi, wai ta cika sauri kamar mai gudun ruwan sama.

Bayan shekara 14 sai ga ta biyu, kuma faɗuwar ba ta taka kara ta karya ba. Ta sauko daga gado cikin dare, bargo ya harɗe mata ƙafa. Na tarar da ita a ƙasa, ƙafar dama ta gajarce ta juya waje. "Kai, kada ka ɗaga ni," iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Kan ƙashin cinya ne ya karye, daidai inda yake shiga ƙugu.

Likitan da ya duba hoton ya tambaye ni ko ta taɓa karyewa. Na ce wuyan hannu ne kawai, kuma an daɗe. Ya ce, "To a lokacin an auna ƙarfin ƙashinta?" Na yi tsuru-tsuru. Ashe mace idan ta daina al'ada ƙashinta yakan riƙa zaizayewa a ɓoye, ba ciwo ba alama. Wuyan hannu ne yakan fara kai ƙara, ƙugu ya biyo baya, kuma karaya ɗaya irin wannan takan kusan ninka haɗarin ta gaba.

A zaman jinya na yi ta karance-karance a waya, barci ya ƙi zuwa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya take kawowa sun ce a 2019 an samu sababbin karaya miliyan 178 a duniya, ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku a kan na 1990. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Idan aka gwada sa'a da sa'a, wato 'yar shekara 75 ta yau da 'yar shekara 75 ta wancan lokaci, a wurare da dama haɗarin raguwa ya yi. Tsofaffin ne suka ƙaru. Masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, ana kuma sa ran su kai biliyan 2.1 a 2050.

A Amurka, daga 1995 zuwa 2005, karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a tsakanin tsofaffin mata. A 1995 ɗin ne aka amince da maganin alendronate mai rage zaizayewar ƙashi, ga shan sigari ma yana ta ja da baya. Sai dai bayan 2012 raguwar ta tsaya cak. Masu bincike suna alaƙanta hakan da raguwar awon ƙashi, da yadda mutane suka riƙa guje wa maganin saboda tsoron illar da ba kasafai take faruwa ba. Ni dai a nan raina ya fi ɓaci, domin maganin yana nan tun kafin Inna ta karya hannu.

Sai yanzu nake tuna yadda ta riƙa rankwafawa, rigunanta suna jan ƙasa. Mu muka ce tsufa ne. Hoton ya nuna ƙasusuwan bayanta biyu sun lotsa tun tuni.

An yi mata tiyata, yanzu tana takawa da sanda. Satin jiya na matsa wa yayata, mai shekara 56, sai da ta je aka yi mata awon ƙarfin ƙashi da ake kira DXA. Minti goma ta yi a kwance ƙarƙashin na'urar, ta fito tana mita wai na ɓata mata yini. Ranar Alhamis za mu koma karɓar sakamako.