Littafin da ke kan kanta

Aikin sa-kai ne ya fara kai ni caji ofis ba don wani nawa yana tsare ba. Wasu lauyoyi ne suka nemi mutanen da za su riƙa raka su zagayen ɗakunan da 'yan sanda ke tsare mutane, bayan sun samo izini a rubuce daga manyan rundunar. Ni ba lauya ba ne. Nawa shi ne in riƙe biro da takarda, in tambayi duk wanda ke bayan kanta sunansa, da ranar da aka kamo shi, da laifin da aka ce ya yi, ko danginsa sun san inda yake, ko an taɓa lafiyarsa. Daga nan in dawo in gwada abin da ya faɗa da abin da ke cikin littafin rajista.

Wannan gwadawar ita ce ta buɗe mini ido. A wani zagaye na ƙirga mutanen da ke cikin sel, na ƙirga sunayen da ke littafi, sai mutane suka ɗara sunaye da ɗaya. Wani saurayi ne, an je kama yayansa ba a same shi ba, aka taho da shi a kan sai yayan ya kawo kansa. Ba a rubuta shi a ko'ina ba. A idon hukuma, yaron nan yana gidansu yana barci. Da ya sume a daren, ko abin da ya fi haka ya faru, babu takardar da za ta nuna ya taɓa taka ƙofar wurin.

Na ce wa sajen da ke kan kanta, "Yallaɓai, wannan fa ban ga sunansa ba." Ya ce ai ba kama shi aka yi ba, yana taimaka wa bincike ne. Lauyar da nake tare da ita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To ranka ya daɗe, in ba kama shi aka yi ba, a buɗe masa ya tafi. In kuma kama shi aka yi, a rubuta sunansa da laifinsa da lokaci, mu ma mu kwafa." Sajen ya shiga ciki wajen babbansu, ya jima, ya fito da makulli. Kafin mu bar wurin yaron ya tafi gida.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ba mu yi wa kowa barazana ba, ba mu kira wani babba a waya ba. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne babu wanda ya yarda ya sa hannunsa a ƙarƙashin wannan kamun. Ɗan sanda zai iya yin abubuwa da yawa da baki, amma in aka ce ya rubuta ya sa suna da lamba, sai ya fara tunanin ranar da za a tambaye shi.

Daga baya na gano cewa ƙasashe da dama sun gina tsarinsu ne a kan wannan. A Ingila, bayan tarzomar da aka yi a unguwar Brixton ta birnin Landan a 1981, rahoton alƙali Scarman ya ba da shawarar a bar talakawan gari su riƙa shiga caji ofis ba sanarwa su duba tsararru. Dokarsu ta 1984 kuma ta ware jami'i na musamman mai kula da wanda aka tsare, wanda ba shi ne mai binciken laifin ba, ta ɗora masa rubuta duk abin da ya shafi tsarewar. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2014 awa 48 ta isa a kai wanda aka kama gaban alƙali. Amma awa 48 daga yaushe, in ba a rubuta lokacin kamu ba? A Najeriya dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani ƙarara, ta kuma umarci majistare ya riƙa zagaya caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata. Dokar tana nan a takarda, ta yi kyau. Inda majistare ke zuwa da gaske, sel yana raguwa tun ana gobe zai zo.

Ba zan ɓoye abin da na gani a ɗaya ɓangaren ba, domin ya taɓa ni. Na ga caji ofis da ba shi da takardar ɗaukar bayani sai mai ƙara ya sayo. Na ga motar sintiri a fake ba mai. Wani kofur, mutum mai ladabi, ya ce mini, "Malam, ku kuna zuwa ku ga waɗanda muka tsare. Wa yake zuwa ya ga inda muke kwana?" Gaskiya ya faɗa. Kuma wannan talaucin shi ne ƙofar ɓarna: in mai ƙara ne ya sa wa mota mai, to binciken ya zama nasa, wanda ba shi da ko sisi kuma ya zama abin kamawa. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya daki tsararre. Sai dai duk ɗan siyasar da ke kukan zaluncin 'yan sanda a gaban kyamara, alhali kuɗin da ya amince da su a kasafi ba sa sauka zuwa caji ofis, shi ma da hannunsa a ciki.

Inda na fi shan wahala shi ne bin koke. Mun haɗu da wani da aka yi wa duka wajen ɗaukar bayani, ga shaidar likita, ga hotuna, ga kwanan wata. Muka rubuta koke zuwa sama. Bayan dogon jira, takardar ta gangaro mataki-mataki har ta dawo ofishin da ake ƙara, aka ce su bincika su ba da rahoto. An ba kura ajiyar nama. Mutumin ya kira ni muryarsa na rawa, ya ce wanda ya dake shi ne ya aiko a kira shi ya zo ya ba da bayani. Ya janye kokensa, ni kuwa ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

A nan ne maganar ta bar hannun saje da kofur ta koma ta siyasa. Wa ke binciken ɗan sanda, wa ya naɗa shi, wa ke biyansa, wa zai iya korarsa? Kenya ta kafa hukumar farar hula mai sa ido kan 'yan sanda da dokar 2011, bayan kashe-kashen da suka biyo zaɓen 2007. A 2016 aka kashe lauya Willie Kimani tare da wanda yake karewa da direban tasinsu, a daidai lokacin da suke bin ƙarar wani ɗan sanda. Sai a 2022 kotu ta samu 'yan sanda uku da mai kai musu rahoto da laifi. Shekara shida ke nan, ga hukuma mai zaman kanta, ga lauyoyin ƙasar sun tsaya kai da fata. A Amurka, sanarwar farko da 'yan sandan Minneapolis suka fitar kan mutuwar George Floyd, wani baƙar fata da suka kama, a Mayun 2020 ta nuna kamar rashin lafiya ce ta taso masa. Bidiyon da wata yarinya mai shekara 17 ta ɗauka da wayarta ne ya ƙaryata su, har aka samu ɗan sanda Derek Chauvin da laifin kisa a 2021. Wato rubutun ma yana buƙatar idon wani daga waje, wanda cinsa da shansa ba ya hannun wanda ya yi rubutun.

Zanga-zanga tana da amfaninta. Ita ta sa aka rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da 'yan fashi, a Najeriya ranar 11 ga Oktoba 2020, aka kafa kwamitocin bincike a jihohi da dama. Amma rusa runduna aikin rana ɗaya ne, kuma shugabanni sun fi son irinsa saboda ana gani a talabijin. Biyan diyya, da gurfanar da jami'i, da ba hukumar bincike kuɗinta kai tsaye yadda ba za ta je roƙo wurin wanda take bincike ba, waɗannan suna cin shekaru, kuma ba a tafa wa kowa a kansu. Haka nake kallon muhawarar ko 'yan sanda su kasance a hannun gwamnatin tarayya ko a hannun jihohi. Kowane ɓangare yana da hujja, amma da wuya in ji an tsaya a kan wanda zai iya shiga sel da tsakar dare ba izinin gwamna ko minista, ya ce a kawo littafi.

Yanzu in ɗan takara ya zo neman ƙuri'ata yana maganar tsaro, tambaya biyu nake masa: nawa ne ke isa caji ofis kowane wata don mai da takarda da abincin tsararru, kuma koken da aka shigar kan ɗan sanda, a teburin wa yake ƙarewa? Wanda ya amsa mini da lissafi, ina rubuta lissafin da ranar da ya faɗe shi, in jira kasafin shekara mai zuwa.