Wasiƙa ga mutanen Kano kan bin diddigin gubar abinci

Assalamu alaikum, 'yan'uwana mutanen birnin Dabo. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga Ingila.

Kwanakin baya ɗan maƙwabciyata ya kwana yana amai da gudawa bayan sun ci kaza a wani shago. Likitan da ya duba shi ya sanar da ƙaramar hukuma, domin doka a nan ta wajabta masa yin hakan. Ba a jima ba wata jami'a ta kira uwar yaron a waya, tana tambayarta abin da ya ci a 'yan kwanakin da suka gabata, da inda aka saya, da waɗanda suka ci tare da shi. Daga nan aka je shagon aka auna sanyin firjinsu, aka ɗebi naman domin gwaji. Da na ji labarin sai na tuna da duba-gari da iyayenmu ke ba da labarinsu, masu shiga gida su leƙa randa da masai.

Kun tuna abin da ya same mu a 2021, gab da azumi, lokacin da mutane suka riƙa cika asibitoci da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon gari, wato na hoda da ake kaɗawa a ruwa. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce aƙalla mutum 10 sun rasu, kusan 400 kuma an kwantar da su, daga baya NAFDAC ta gano cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Sai da aka haɗa labarin marasa lafiya daga unguwanni daban-daban kafin aka gane cewa tushen abin ɗaya ne.

Tsarin nan muna da shi a gida. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jiharmu tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ke tattara rahoto daga asibitoci ya miƙa wa jiha, ita kuma ta miƙa wa NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, a Abuja. Ta wannan hanya ake lissafin kwalara da sanƙarau, da mashaƙon da ya addabi yaranmu a 2023. Amma jami'in ba zai rubuta abin da bai zo asibiti ba, mu kuwa al'adarmu ita ce mu sayi flagyl a kyamis mu yi shiru, musamman idan abincin biki ne, don kada a ce mun tona wa ɗan'uwa asiri. Na fahimci wannan kunyar, sai dai a ganina ba ta kai ran yaro ba.

Roƙona shi ne, idan mutum biyu ko uku suka kwanta bayan sun ci abu ɗaya, ku haɗa musu ruwan gishiri da sukari, ku kai su asibiti, ku faɗi abin da aka ci da inda aka samo shi, sannan ku adana ragowar abincin har ma'aikatan lafiya su gani.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a Ingila.